Ba fushi Baba yake yi da Umma ba

Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Makka ce, gidanmu yana wajen Shari' Mansur. Mahaifinmu tela ne, shekararsa 64, tun kafin a haife ni yake ɗinkin jallabiya a shagonsa. Wajen shekara biyu ke nan da muka lura idan yana zaune yatsun hannunsa na dama ba sa tsayawa, babban yatsa yana ta gogar manuni. Mun ɗauka tasbihi yake yi, sai da ƙanena ya ce ai babu carbi a hannun. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, da ya miƙa hannun zai ɗauki kofin shayi sai rawar ta tsaya cak.

Yanzu komai nasa ya koma nawa. Maɓallin riga sai ya daɗe yana fama da shi, tafiya yana jan ƙafa, a masallaci liman ya kai ruku'u shi bai gama tasowa daga sujada ba. Kafaɗarsa ta dama tana ciwo. Ga fuska kullum a ɗaure, ba dariya, murya ta yi ƙasa. Umma ta ce fushi yake yi da ita, ta gaji da rarrashi, har ta daina zama hira da shi bayan isha'i. Mun kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, aka auna jini da suga aka ce lafiya ƙalau, tsufa ne, aka ba shi bitamin. Yayanmu ya dage sammu ne daga abokan sana'a, wai a rufe shagon a kai shi Kano a nema masa magani. Baba dai bai ce komai ba, amma na ga hawaye a idonsa ranar da aka yi maganar shagon. Anti, me ke damunsa? Kuma mu bi maganar Yaya?

Wata 'yarki daga Makka.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya yi miki albarka da kika sa ido a kansa haka.

Hukunci sai likita ya gan shi ya taɓa shi. Amma rawar hannu ɗaya a lokacin da hannun yake hutawa, da nawa, da jan ƙafa, da fuskar da ta daina motsi, idan suka taru a jikin mutum mai shekara sittin da wani abu, abin da ake fara zato shi ne ciwon Parkinson, wanda a asibitocin nan za ki ji ana kira shalal ra'ash. Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1817, a kan mutum shida, wasunsu ma a titi ya hango su suna tafiya. Tun daga lokacin har yau ido da hannun likita ne ke gane shi. Ba ya fitowa a awon jini, ba ya fitowa a awon suga, hoton ƙwaƙwalwa na yau da kullum ma yawanci lafiya lau yake nunawa. Don haka takardar da aka ba ku a mustausaf ba ƙarya ta yi ba, abin da ba aikinta ba ne aka tambaye ta. Maganar “tsufa ne” ce ban yarda da ita ba. Tsufa ba ya zaɓar hannun dama ya bar na hagu. Kuma ba baƙon ciwo ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da shi, ya fi kama maza, kuma ya fi zuwa bayan shekara sittin.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi da ƙwayoyinsa ke haɗa wani sinadari, dopamin. Shi ne ke sa motsi ya tashi da sauƙi, ya cika girmansa, ya tafi sumul ba sai mutum ya yi tunaninsa ba. A wannan ciwo ƙwayoyin nan ne ke mutuwa a hankali, kuma kafin alama ta bayyana a waje an riga an yi asarar kusan rabinsu ko fiye. Wato abin ya girmi shekara biyun da kika ƙirga. Baba zai fi kowa gane misalin: keken ɗinkin da mansa ya ƙafe, ƙarfensa lafiya, bel ɗinsa lafiya, amma sai an taka da ƙarfi kafin ya juya, idan ya juya ma da ƙyar. Ƙarfin tsokar Baba yana nan. Abin da ke sa ta gudana ne ya ragu.

Rawar hannun ita ce ta fi ɗaukar idonku, ita ce kuma ta fi ba ku tsoro, amma a cikin alamomin ita ce mafi ƙarancin cutarwa. Yadda kika kwatanta ta haka take: tana zuwa idan hannu yana kan cinya ko yana rataye a gefe, tana kaɗawa kamar sau huɗu zuwa shida a daƙiƙa, tana lafawa idan an miƙa hannun za a yi aiki da shi, tana ɓacewa idan barci ya yi nauyi. Damuwa da gajiya da idon mutane suna ƙara ta, shi ya sa za ki ga ta fi tsananta ranar da aka yi baƙi. Yawanci ɓangare ɗaya take fara kamawa, ta daɗe a nan kafin ta taɓa ɗayan. Akwai wata rawar hannu daban da take bin dangi, wadda ita akasin wannan ce: hannu biyu take kamawa, wani lokaci har da kai, kuma sai mutum ya ɗauki cokali ko kofi take tashi, miya ta zube a riga. Yawan shayi da gahawa, da ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafi da rama, da wasu magungunan asma, su ma suna sa hannu rawa irin ta aiki. Na kawo wannan ne don masu karatu, kada duk wanda hannunsa ya girgiza ya ɗauka nasa irin na Baba ne. Kuma akwai masu Parkinson da yawa da hannunsu bai taɓa rawa ba ko sau ɗaya.

Nawar ita ce uwar ciwon. Likita ba ya kiran sunan wannan cuta sai ya ga nawa, sannan ya haɗa ta da rawa ko ƙagewar gaɓoɓi. Kuma ba jinkiri kaɗai ba ne, motsin ne ke ƙanƙancewa. Za ki gani da idonki a ɗakin likita: zai ce Baba ya buɗe babban yatsa da manuni sosai ya riƙa haɗa su da sauri. Na farko da na biyu za su fito da faɗi, kafin a kai na goma tazarar ta tsuke, yatsun suna ɗan taɓa juna da ƙyar, wani lokaci su tsaya a tsakiya. Sai ya gwada hannun hagu ki ga bambanci.

Tun kafin ku je, ki shiga shago ki ɗauko littafin da yake rubuta awon mutane. Ki buɗe shafin shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ki ajiye shi kusa da na watan nan. Idan zatona daidai ne, za ki ga lambobin yanzu sun zama ƙanana, kuma a layi ɗaya ma na farkon layi sun fi na ƙarshensa girma. Ki tafi da littafin asibiti. Sannan wata rana ki bi bayansa idan zai tafi masallaci, ki dubi hannayensa: na hagu yana lilo yadda hannun mai tafiya ke yi, na dama yana manne a jiki, gwiwar hannun a ɗan lanƙwashe. Ki saurari takalminsa ma, ƙafa ɗaya za ta fi ɗaya share ƙasa.

Fuska ma tsoka ce, kuma nan ne wasiƙarki ta fi taɓa ni. Mu Hausawa mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Umma fuskar mijinta take karantawa tun kafin ta haife ku, ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Yanzu ta duba ta ga ido a kafe ba ya yawan ƙiftawa, baki ba ya murmushi, ta yi magana amsa ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito kuma can ƙasa-ƙasa, ba daɗi ba ɗaci. Wace mace ce ba za ta ce fushi ake yi da ita ba? Amma nawar da ta kama yatsunsa ita ce ta kama kumatunsa da fatar idonsa da maƙogwaronsa. Yana iya jin daɗin maganarta har cikin ransa, dariyar ta taso, ta kasa isowa fuska. Muryar kuwa, abin tausayin shi ne shi a kunnensa daidai yake jin ta, bai san ta yi ƙasa ba, sai ya ga ana ta ce masa “me ka ce?” har ya gaji ya yi shiru. Daga nan sai a ce ya daina magana.

Ki zauna da Umma ku biyu, ba a gaban Yaya ba, ba a gaban Baba ba, ki gaya mata wannan da lafazi mai taushi, kada ta ji kamar ana ɗora mata laifi. Ba ta yi laifi ba. Ki roƙe ta ta koma zaman bayan isha'in nan. Idan ta yi tambaya ta ba shi lokaci, kada ta ƙarasa masa magana, kada ta juya ta tambaye ku abin da shi ya kamata ya amsa. A kashe talabijin idan ana hira. Hankalinsa yana nan, kuma ba abin da ke karya dattijo irin a riƙa maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin. Duk da haka ku lura da shi, domin baƙin ciki mai nauyi yana cikin alamomin wannan ciwo kansa, ba sai don an ɓata wa mutum rai ba. Idan ya daina son abin da yake so, abinci ya fita ransa, ku gaya wa likita, yana da magani.

Akwai tambayoyin da Umma kaɗai ke da amsarsu, kuma likita zai yi su. Ko Baba yana jin ƙanshin turaren wutar da take sawa, ko ya daɗe da daina ji? Ko yana ihu cikin barci, yana kai duka ko shuri kamar mai faɗa a mafarki? Ko ya daɗe yana fama da taurin bayan gida? Waɗannan sukan riga rawar hannu zuwa da shekaru. Juyi a kan gado ma yakan yi wuya, ita za ta sani.

Ciwon kafaɗar nan kada ku raba shi da sauran. Ƙagewa ce: tsokar da ke miƙe gaɓa da wadda ke lanƙwasa ta duk suna ɗaure a lokaci ɗaya, ba mai sakar wa wata. Idan likita ya kama wuyan hannunsa yana juyawa zai ji turjiya tun daga farko har ƙarshe, wani lokaci tana kamawa tana saki kaɗan-kaɗan. Mutane da yawa sun yi shekara ana shafa musu man zafi ana yi musu allurar kafaɗa kafin a gano daga ƙwaƙwalwa abin yake. Ita ce kuma ke ranƙwafar da mutum gaba.

Rashin daidaituwar tsayuwa yakan zo daga baya, kuma shi ne abin da nake so ku yi wa shiri tun yanzu, don faɗuwa ce ke kwantar da masu wannan ciwo, karayar ƙugu ta fi rawar hannu haɗari nesa ba kusa ba. Taku yana gajarta, juyawa sai an yi ta da ƙananan taku da yawa, wani lokaci jiki ya riga ƙafa yin gaba mutum ya riƙa sauri-sauri ba da sonsa ba. Wani lokaci kuma ƙafar ta kafe a ƙasa, musamman a bakin ƙofa, ko wurin juyawa, ko cikin cunkoso. Idan haka ta faru kada a ja hannunsa, ja ne ke kayar da shi. A tsaya, ya miƙe sosai, ya karkata nauyinsa dama da hagu, a ƙirga masa “ɗaya, biyu, ɗaya, biyu”, ko a nuna masa layin tayil a ce ya tsallaka. Ido da kunne suna buɗe wa ƙafa wata hanyar da ciwon bai toshe ba. Idan kuwa tun yanzu yana yawan faɗuwa, musamman ta baya, wannan magana ce da za a fara gaya wa likita, domin akwai wasu cututtukan da ke kama da Parkinson amma ba shi ba ne.

Kada kuma a haɗa shi da shanyewar ɓarin jiki. Wancan farat ɗaya yake zuwa: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe cikin mintuna. Wanda ya ga haka a nan Saudiyya ya kira motar agaji ta Hilal Ahmar a 997 nan take. Na Baba shekara biyu yana tafiya a hankali.

Sai maganar Yaya. Ba zan zage shi ba, tsoro ne ya kama shi, kuma ɗa namiji idan ya ga mahaifinsa yana raguwa yakan nemi wanda zai ɗora wa. Amma ki tambaye shi cikin ladabi: wane abokin sana'a ne ya yi wa mutum miliyan takwas da rabi sammu, a Sin da Indiya da Amurka, duk da alamomi iri ɗaya? Muhammad Ali ɗan dambe an gano masa wannan ciwo a 1984, duniya ta gan shi a 1996 ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta hannunsa yana rawa, bai rasu ba sai 2016. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a da ruwan Zamzam ba wanda zai hana ku, kuna ma inda ya fi ko'ina dacewa da su. A yi su, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya. Abin da nake jin tsoro shi ne zargi: a ɓata tsakaninsa da mutanen da ya yi shekara talatin yana cin abinci da su, a daidai lokacin da ya fi bukatar masu leƙo shi. Game da Kano kuwa, akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma ba wajensu Yaya yake nufin kai shi ba. Kuma wannan ciwo ba na “a yi magani a dawo” ba ne, magani ne na kullum har iyakar rai, samunsa a kai a kai kuwa ya fi sauƙi a nan fiye da gida Najeriya, inda yakan yi tsada ya kuma yanke. Ban ga dalilin ɗauke shi daga inda iyalinsa suke ba.

Likitan da za ku nema shi ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a allon asibiti za ki ga an rubuta mukh wa a'asab. Ba likitan ƙashi ba, ba na masu taɓin hankali ba. Idan Baba yana da inshora ku bi ta kanta a tura ku, idan babu ku haɗa kuɗin ganin likitan ko sau ɗaya ne a asibitin kuɗi, ya fi riyal ɗin da za a kashe a tikiti. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da bayani idan kun rasa inda za ku dosa.

Ku zuba duk maganin da yake sha a leda ku tafi da shi, har wanda aka saya a saidaliyya, wato kantin magani, ba da takarda ba. Dalili: akwai magungunan da ke toshe dopamin su haifar da alamomin nan sak. Maganin amai da kumburin ciki metoclopramide, wanda aka fi sani da Primperan, da na jiri irin su Stugeron da Stemetil, da magungunan taɓin hankali irin haloperidol. Idan ɗayansu ne sanadi, likita zai janye shi kuma sau da yawa jiki yakan dawo. Idan kuma Parkinson ne na gaskiya, waɗannan magungunan suna ƙara shi, sai a kiyaye kada wani ya rubuta masa su nan gaba.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba: har yanzu babu maganin da ke warkar da shi ko ya tsayar da tafiyarsa. Amma akwai mai mayar wa mutum da motsinsa, kuma ba ƙaramin mayarwa ba. Sunansa levodopa, tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, ƙwaƙwalwa ce ke juya shi ya zama dopamin. Ana haɗa shi da carbidopa ko benserazide don kada ya lalace a hanya kuma don rage tashin zuciya, shi ne Sinemet da Madopar. Nawa da ƙagewa su suka fi jin sa, rawar hannu wani lokaci takan yi taurin kai. Za ki ji masu cewa kada a fara shi da wuri, wai yana ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya kwatanta marasa lafiya a Ghana da suka daɗe ba su samu maganin ba da na Italiya da suka samu da wuri, ya nuna matsalolin da ke zuwa daga baya sun fi bin daɗewar ciwon da yawan abin da ake sha a rana, ba daɗewar shan maganin ba. Jinkirtawa shekarun lafiya kawai take cinye wa mutum. Bayan wasu shekaru ƙarfinsa yakan riƙa sauka kafin lokacin sha na gaba, ko jiki ya riƙa wani motsi na murɗe-murɗe da ya wuce kima. Wannan aikin likita ne ya gyara awo da lokaci, ba naku ba. Wasu ma akan kai ga yi musu aikin dasa na'ura a ƙwaƙwalwa, amma wannan maganar gaba ce.

Abin da ke hannunku shi ne agogo. Maganin nan da lokaci yake aiki, a sa ƙararrawa a waya. Nama da madara da ƙwai da wake suna gasa da shi wajen shiga jini, don haka ya fi kyau a sha shi kamar rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. Idan yana tayar masa da zuciya a haɗa da ɗan biskit ko burodi. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma a raba lokacinsu. Wani zai zo ya ce muku ai ful, waken nan da Larabawa ke dafawa, yana da levodopa, a ba shi ful da gurasar tamis kullum ya wadatar. Da ƙanshin gaskiya a ciki, don daga irin wannan waken aka fara tace sinadarin a 1913, amma abin da ke cikin kwanon ful ba shi da awo, ba zai tsaya a madadin ƙwaya ba. Kuma kada a taɓa yanke maganin farat ɗaya, ko don ya ƙare ko don wani mai magani ya ce a ajiye na asibiti, hakan yana iya jefa mutum cikin sandarewa da zazzaɓi mai haɗari. Wannan ya shafi azumi: kafin Ramadan ya kama ku koma wurin likita a tsara, idan ya ce ba zai yiwu ba, Alƙur'ani ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame, malami zai faɗa muku ramuwa ce ko ciyarwa.

Shagon kuwa, kada a rufe. Hawayen da kika gani ya isa amsa, amma ko ta fuskar likitanci ma zama wuri ɗaya shi ne babban abokin gabar mai wannan ciwo. Jikin da ba ya motsi ƙara ƙagewa yake yi. A sauya masa aikin dai. Zura zare a kafar allura da ɗinkin maɓalli a bar wa yaro. Karɓar masu kawo ɗinki, duba awo, zaɓen yadi, sa ido a kan aikin yara, ciniki, duk nasa ne. Almakashi da keke kuma shi da likita za su duba bayan ya fara magani, kada ku yanke masa hukunci tun yanzu, mai yiwuwa ku sha mamaki. Ku tambaye shi me yake so, a gabansa, ku jira amsar ko za ta daɗe.

A gida ma haka. Tausayi zai sa ku riƙa sa masa maɓalli kuna ɗaura masa takalmi. Ku bar shi ya yi abin da zai iya, ku dai ƙara masa lokaci: idan za a fita ƙarfe huɗu a gaya masa tun uku. Shi da yake tela, a sauya maɓallan rigunansa da manya ko da zif. Tafiyar masallaci sau biyar motsa jiki ce mai kyau, ya riƙa tuna wa kansa dogon taku, diddige ya fara sauka, hannu yana lilo. A zafin Makka ya sha ruwa sosai, kuma idan zai tashi daga kwance ya ɗan zauna tukuna, domin ciwon da maganinsa duka suna iya sa jini ya sauka idan an miƙe, jiri ya ɗebe shi. Idan yana shan maganin hawan jini a tuna wa likita. A nemi a tura shi wurin masu gashin ƙashi su koya masa atisayen da ya dace. Murya kuma tana son aiki: ya riƙa karatun Alƙur'ani a bayyane kowace safiya, da ƙarfin da shi zai ji kamar ya yi yawa.

Shimfiɗar ƙasa da muke zama a kai tana da wuyar tashi, a sa masa kujera mai ƙarfi mai hannu, ba mai lotsawa ba. A naɗe ƙananan dardumomin da ke kan hanya. Banɗaki shi ne wurin da na fi jin tsoro, tayil da ruwa da silifa: a sa ƙarfen riƙewa a bango, a sa abin zama, a bar fitila a kunne da dare. Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya yanke magana: ka yi salla a tsaye, idan ba ka iya ba a zaune, idan ba ka iya ba a kan gefenka. Ya tsaya a ƙarshen sahu kusa da bango, kujera a bayansa, ya yi abin da zai iya a tsaye, sauran a zaune, ba sai ya riƙa kokawar cim ma liman ba. Idan ya so ɗawafi a zaɓi lokacin da mutane suka ragu, ko a hau bene, ko a ɗauki keken turawa, wani daga cikinku yana gefensa.

Na san akwai tambayar da ba ki rubuta ba: ko ana ɗaukar ciwon nan, ko ana gadonsa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko wanke kayansa, kuma mafi yawan masu shi ba gadonsa suka yi ba, 'ya'yansu ma yawanci ba sa samu.

Kafin ranar ganin likita ki ɗauki bidiyon hannun a waya lokacin da yake zaune, da wani yana tafiya, da izininsa, domin rawar takan ɓuya a gaban likita. Ku tafi da littafin awo da ledar magani. Ɗakin likita ba zai ɗauki gida duka ba, to Umma ta shiga, Yaya ma ya shiga ya ji da kunnensa, ke kuma ki riƙe biro ki rubuta sunan magani da lokutan sha. Ki rubuto mini abin da aka ce.